Shekara 20 kafin hannu ya fara rawa

Ranar da aka fara ba ni ɗakinsa na ɗauka fushi yake yi da ni. Na miƙa masa kofin shayi, hannunsa ya taso kamar zai karɓa, sai ya zarce ya doki gefen kofin, shayin ya wanke min gaban riga. Kafaɗarsa ta ɗaga, wuyansa ya karkace, ƙafa ɗaya tana ta shurin iska a ƙarƙashin kujera. Ya dube ni, ya buɗe baki, maganar ta daɗe kafin ta fito. Ashe haƙuri yake ba ni.

Shekararsa 54 a lokacin, shi ne ƙarami a duk benen da nake aiki, a wani gidan kula da tsofaffi da marasa lafiya a arewacin Ingila. A da direban bas ne. Ba zan ambaci sunansa ko na garin ba, da wannan sharaɗin 'yarsa ta yarda in rubuta labarinsu. A fayil ɗinsa an rubuta cutar Huntington. Ni kam ban taɓa jin sunan ba, har a makarantar koyon aikin lafiya da na yi a gida kafin in taso.

Abokiyar dutina na dare wata dattijuwa ce 'yar zangon Kumasi, Yaya nake ce mata. Da muka fito daga ɗakin ta riƙo hannuna ta ce, "Ƙanwata, wannan in a gida ne kin san abin da za a ce." Na sani mana. Za a ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, marasa tausayi kuma su ce giya ce ta gama da shi. Kar ma ku ce Turawa sun fi mu a nan. 'Yarsa ta ba ni labarin yadda aka taɓa koro shi daga wani kanti da rana tsaka, wai ya sha ya yi tatul, alhali tangaɗin na ciwo ne.

Ciwo ne na gado da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Yawanci yakan bayyana tsakanin shekara 30 zuwa 50, wato daidai lokacin da mutum ya yi aure, ya haihu, ya ɗauki nauyin gida. Abin da ido ke fara gani shi ne fizge-fizgen jiki da mai shi bai sa kansa ba. Amma iyalai za su gaya maka akwai abin da ya riga fizgar zuwa: mai sanyin hali ya koma mai saurin fushi, ko ya daina damuwa da komai, haɗa aiki biyu a lokaci ɗaya ya gagare shi, baƙin ciki ya danne shi. Can gaba magana ta sarƙe, haɗiya ta yi wuya, jiki ya rame duk yawan abin da ake ci. Daga bayyanar alamu zuwa ƙarshe akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Akwai magungunan rage fizga da na damuwa, amma har yau babu wanda hukuma ta amince cewa yana tsayar da ciwon kansa. A Birtaniya kimanin mutum 8,000 ne ke fama da shi.

Sunan na wani likita ne ɗan Amurka, George Huntington, wanda ya bayyana ciwon a rubuce a 1872 yana ɗan shekara 22. Abin da ya taimake shi, mahaifinsa da kakansa duk likitoci ne a yanki ɗaya na Long Island, sun ga gidajen nan guda tsara bayan tsara. Sai a 1993 aka kai ga ainihin ƙwayar gadon da ke kawo shi, da taimakon jinin dubban mazauna ƙauyukan bakin Tafkin Maracaibo a Venezuela. Matar da ta jagoranci aikin Venezuela ɗin, Nancy Wexler, ciwon ne ya kashe mahaifiyarta. A 2020 ta fito ta faɗa wa duniya cewa ita ma yana jikinta.

Ga yadda abin yake. Ni da kai da kowa muna ɗauke da wannan ƙwayar gadon, guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikinta akwai wani wuri da haruffa uku na rubutun DNA, wato C da A da G, suke maimaita kansu a jere, kamar mai in'ina da ya maƙale a gaɓa ɗaya. A yawancin mutane maimaicin bai kai 27 ba. Wanda nasa ya kai 40 ko ya wuce, in dai ya yi tsawon rai, ciwon zai zo. Daga 36 zuwa 39 yana iya zuwa, yana iya barin mutum. Iya tsawon maimaicin, iya saurin zuwan ciwon. Kuma guda ɗaya mai tsawo ta isa. In uba ko uwa na da ita, duk ɗan da aka haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne. Wanda bai gada ba kuwa, shi da zuriyarsa sun tsira.

'Yar direban tana zuwa duk Lahadi da la'asar. Malamar firamare ce, shekararta 27, mai yawan dariya, tana zuwa da kwastad mai kauri don shi ne ba ya shaƙe babanta. Ita ke ba shi a baki, kuma ta fi mu iya jira: sai ta riƙe cokalin a iska har fizgar ta lafa, sannan ta kai. Mun fi wata shida muna gaisawa kafin ranar da ta same ni a kicin ina wanke kofuna, ta jingina da bango ta ce, "Kin san ni ma ina da shi, ko? Lambata 43."

Wallahi ban san lokacin da na dubi hannunta ba. Ta gan ni, ta yi dariya ta ce kowa haka yake yi.

Ta yi gwajin tana da shekara 24. A nan ba a shiga asibiti kawai a ce a ɗebi jini. Sai mutum ya cika 18, sai ya zauna da masu ba da shawara kan cututtukan gado sau da yawa a tsawon watanni, ana tambayarsa me zai yi in sakamakon ya zo da nauyi, wa zai riƙe shi a ranar. Duk da haka waɗanda suke yarda a gwada su ba su kai ɗaya cikin biyar na masu haɗarin gadon ba. Ƙanenta na cikin masu cewa a'a. Mu muna cewa rashin sani ya fi dare duhu. Shi yaron nan ya zaɓi daren, kuma da na zauna na yi tunani ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fi cin ranta, in ji ta, makulli. In makulli ya suɓuce mata a bakin ƙofa sai gabanta ya faɗi: ya fara ke nan? In ta manta sunan wani yaro a aji, ya fara ke nan? In ta yi wa saurayinta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta kwana tana tambayar kanta ko ita ce ta yi tsawar ko ciwon ne. Ita ta fara nuna min binciken da ya sa na zauna rubuta wannan, a wayarta, a kicin ɗin nan.

Binciken na Jami'ar UCL ne a Landan, ƙarƙashin Farfesa Sarah Tabrizi, wadda ta daɗe tana aiki a kan wannan ciwo. Tambayar da suka yi mai sauƙin faɗa ce: yaushe ne ainihin abin yake farawa? Sai suka tara matasa masu shekara 18 zuwa 40, mutum 64 masu ɗauke da doguwar ƙwayar gadon da kuma 67 marasa ita. Masu ɗauke da ita, bisa lissafin shekarunsu da lambarsu, saura musu kimanin shekara 24 kafin a sa ran ganin alamu. Aka sa su a na'urar MRI aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, aka yi musu gwaje-gwajen tunani da tuna abu da yanayin zuciya, aka ɗebi jini, aka kuma soka allura a ƙugu aka zuƙo ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa riƙe mara lafiya ana yi masa wannan allurar ya san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce ga mai lafiya garau.

Sakamakon farko ya fito a 2020 a mujallar Lancet Neurology. A wajen tunani, tuna abu, saurin fahimta da yanayin zuciya, ba a ga bambanci tsakanin rukunin biyu ba. Ko kaɗan. Amma a cikin ruwan lakar an ga wani abu. Akwai wani furotin da ake kira NfL, wanda yake kamar ƙarfen da ke riƙe da jijiyar ƙwaƙwalwa daga ciki. In jijiya ta ji rauni sai ya zubo cikin ruwan. A wajen masu ɗauke da ƙwayar gadon ya fi yawa, musamman waɗanda suka fi kusa da lokacinsu. Kusan rabinsu kuwa nasu bai wuce na kowa ba.

Sai aka bari shekara huɗu da rabi suka wuce, aka sake kiran su. Mutum 57 masu ɗauke da ita da 46 marasa ita suka dawo, aka maimaita komai, aka buga sakamakon a mujallar Nature Medicine a watan Janairun 2025. A wannan karon ma tunaninsu, motsinsu da halayensu ba su ja baya ba. Sai dai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wani abu da ba ya ɓuya. A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani curi da ke daidaita motsi, yana kuma da hannu a tsara aiki da ɗabi'a, shi ne wurin da wannan ciwo ya fi ci. A wajen masu ɗauke da ƙwayar gadon curin nan ya fara tsukewa fiye da na sauran. NfL ya ƙaru. Wani sinadari kuma da jijiyoyin wannan curin suke fitarwa ya ragu, alamar cewa su ɗin ne abin ya fara taɓawa. Duk wannan a jikin mutanen da suke zuwa aiki, suke tuƙi, suke cin jarrabawa, kuma saura musu shekara 20 da ɗoriya.

Da na fara karantawa na ce wa Yaya, to ai gara ce. Tana ci daga ciki, ƙofa na tsaye kamar lafiya lau, ranar da aka jingina sai ta rufta. Daga baya na gane misalin nawa bai zauna daidai ba, kuma inda ya kauce ɗin nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa.

Lambar nan 43 da aka gaya wa malamar, ita ce wadda aka haife ta da ita. Amma ba ta tsayawa a 43 a ko'ina a jiki. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai masu gyaran DNA, aikinsu su bi su ɗinke inda ya ɓaci. In suka zo kan dogon maimaicin nan sai su rikice, wajen gyara su ƙara masa tsawo, kamar telan da aka kai wa riga ya rage ta, kullum in ta dawo sai a ga ta ƙara faɗi. Masu binciken Landan, tare da abokan aikinsu na Glasgow, sun auna wannan ƙaruwar a jinin matasan. Suka ga wanda maimaicinsa ya fi saurin ƙaruwa a cikin shekara huɗu da rabin nan, shi ne curin ƙwaƙwalwarsa ya fi saurin tsukewa. Wannan ne karon farko da aka ga alaƙar a jikin rayayyun mutane tun ciwo bai bayyana ba.

A watan nan guda, Janairun 2025, wasu masana a Harvard ƙarƙashin Steve McCarroll suka fitar da nasu a mujallar Cell. Su kuma ƙwaƙwalwar mamatan da suka ba da ita sadaka ga bincike suka duba, jijiya ɗaya-ɗaya. Suka tarar a cikin jijiyoyin curin nan maimaicin da ya fara a 40 da 'yan kai yana iya kaiwa ɗaruruwa. Yana hawa a hankali na shekaru masu yawa har ya kai wajen 80, daga nan ya ƙara gudu. Abin mamakin shi ne jijiyar ba ta nuna wata illa sai ya haura wajen 150. Daga nan ne take rikicewa ta mutu. Kuma kowace jijiya da nata lokacin. Don haka maimakon gara, ka ɗauka randuna ne dubbai a jere, ruwa na ɗiga cikin kowacce, wata da sauri wata a hankali. Randar da ba ta cika ba lafiyarta ƙalau. A jikin matashi mai shekara 27, ƙalilan ne suka tumbatsa, su ne na'ura ke hangowa. Sauran duk suna nan da sauran wuri.

Ka ga dalilin da ya sa masana suke murna da labarin da ni da farko na ɗauka na baƙin ciki ne. In ɗigar ce ke kai mutum ga ciwo, kuma tana ɗaukar shekaru 20 ko 30, to wanda ya samo abin rage ɗigar yana da fili mai faɗi na yin aiki tun ba a yi asarar komai ba. Ana kan neman irin wannan maganin, masu nufin masu gyaran DNA ɗin nan da ke ƙara tsawo. Kuma a da, in kana so ka gwada magani a kan mai lafiya, da me za ka auna ko ya yi aiki? Sai ka jira shekara 20 ka ga ko ya kamu. Yanzu akwai ma'auni: girman curin, yawan NfL, saurin ƙaruwar maimaicin.

Sai dai ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga yadda labarin magani ke ɗaga iyali sama ya sake su. A watan Maris na 2021 kamfanin Roche ya dakatar da ba da wani magani, tominersen, a babban gwajin da ya tara kusan mutum 800, bayan an ɗora masa buri mai yawa. Malamar ta ce ranar babarta ta yi kuka kamar an yi mutuwa. A watan Satumban 2025 kuma labari ya cika kafafen yaɗa labarai cewa wani magani na kamfanin uniQure, AMT-130, ya rage saurin ciwon da kashi 75 cikin 100 a shekara uku. Aka yi ta turo min a WhatsApp. Labari ne mai daɗi, ban musa ba. Amma mutum 29 ne aka yi wa, kuma lissafin kashi 75 ɗin daga mutum 12 ne da suka sami babban awo suka cika shekara uku, aka kwatanta su da bayanan wasu marasa lafiya na daban da ba sa cikin gwajin. Maganin kansa sai an yi tiyatar ƙwaƙwalwa ta fiye da awa 12 ake zuba shi. A watan Nuwamba kamfanin ya sanar cewa hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta nuna wannan hujjar ba lalle ta wadatar ba. Kuma waɗanda aka yi wa masu alamun ciwon ne, ba irin malamar ba. Ita dai har yanzu babu abin da likita zai rubuta mata.

To me ya haɗa mu da wannan, mu da iyalanmu na Kano, Zinder, Kumasi ko Gadarif? An fi samun ciwon a jinin Turawa, gaskiya ne. Amma likitoci sun rubuta rahotannin masu shi a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka, kuma inda likitan ƙwaƙwalwa ya yi ƙaranci, gwajin DNA ya yi tsada, ba kowane mai shi ne zai taɓa jin sunan abin da ke damunsa ba. Akwai ma wani ɗan'uwansa da ake kira HDL2, wanda aka gano a 2001, alamunsu kusan ɗaya, shi kuma a jinin 'yan asalin Afirka ake samun sa. Gwajin Huntington ba ya nuna shi. Wannan ya kamata 'yan'uwanmu na nan waje su riƙe: in an gwada wani naka mai irin waɗannan alamu aka ce babu, alhali kun san uba ko kaka ya yi irin ciwon, ku tambayi likita zancen HDL2, don ba kowane likita ne zai tuna da shi ba.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya je ya liƙa wa maƙwabcinsa. Ba duk rawar jiki ce Huntington ba. Akwai cutar Parkinson, akwai fizgar da wasu magungunan taɓin hankali ke jawowa, akwai wadda ke kama yara bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi maganinsa da kyau ba, wadda ita tana warkewa amma tana buƙatar a duba zuciyar yaron. Abin da ke sa likita ya ɗaga kunne shi ne a ga abu ɗaya yana bin gida, daga uba zuwa ɗa, daga uwa zuwa 'ya, a tsakiyar shekaru.

Na kira Ummata a waya na ba ta labarin, don ita ce mai jin duk abin da ya tsaya min a rai. Ta yi shiru, ta ce Allah sarki, sannan ta yi tambayar da na san za ta yi: "To shi yaron da zai aure ta ya sani?" Na ce ya sani, Umma, shi ya raka ta karɓo sakamakon. Ta ce, "Iyayensa fa?"

Nan ne fa. Mu mun san bincike kafin aure tun kafin a san asibiti. Ana aika a tambayo asalin gida, ko akwai kuturta, ko akwai farfaɗiya, ko akwai taɓin hankali. Shi ya sa gidan da ke da irin wannan ciwo yake rufe ƙofa, a ajiye mara lafiya a ɗakin baya, a ce wa baƙi ba ya jin daɗi. Yanzu kuma mun saba da gwajin jini saboda sikila, har jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka a 2024. Umma ta ce to a haɗa da wannan mana. Na ce mata ba ɗaya ba ne. Sikila sai an haɗu biyu: AS ya auri AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu. In aka gwada aka ga haka, kowa ya nemi mai AA, magana ta ƙare, kuma shi mai AS lafiyarsa ƙalau har tsufa. Wannan kuwa ko wa ka aura rabi da rabin na nan. Auren zumunci ba shi ke kawo shi ba, auren bare ba ya kore shi. Sannan takardar ba zancen 'ya'ya kaɗai take yi ba, tana gaya wa mutum abin da zai same shi shi kansa. Gwajin da ake yi a Kano ba ya ganin sa, kuma ni a ra'ayina bai kamata a taɓa tilasta wa kowa wannan ba, balle uba ya ɗauki ƙaramin yaro ya kai a gwada don hankalinsa ya kwanta. Sanin na mai jikin ne. Amma ɓoye wa wanda za ka aura cewa ciwon na gidanku, wannan kuma zalunci ne, ban ga wata fassara ba.

Masu zama a nan su kuma san cewa takardar tana da wutsiya. A Birtaniya, bisa yarjejeniyar gwamnati da kamfanonin inshora, ba a tilasta wa mutum ya bayyana sakamakon gwajin hasashen cutar gado, in ban da guda ɗaya tak: na Huntington, in inshorar rai ta haura fam 500,000. A Amurka dokar 2008 ta hana nuna bambanci a wajen aiki da inshorar lafiya, amma ba ta rufe inshorar rai ba. Ma'aurata kuma akwai hanyar dashen ciki inda ake gwada ƙwan kafin a mayar, a zaɓi wanda bai gada ba. Malamar da saurayinta suna kan wannan maganar. Namu da zai bi wannan hanya na san sai ya zauna da malaminsa tukuna, kuma daidai ne.

Na tambaye ta, to bayan duk karatun nan, binciken ya sanyaya mata rai ko ya ƙara mata nauyi? Ta ce ya danganta da ranar. Ranar da take da ƙarfi, abin da take ji shi ne: an auna mutane irina ta kowace fuska ba a ga tunaninsu ya ragu ba, don haka makullin da ya faɗi makulli ne kawai, tsawar da na yi ni ce na yi ta, sai in je in ba shi haƙuri. Ranar da ba ta da ƙarfi kuma, in ta kwanta sai ta riƙa jin kamar tana sauraron ɗigar. Ta ce ta ba da sunanta a asibitin da ke duba babanta, duk binciken da ya taso a kira ta, ko da na allurar ƙugu ne. Ƙanenta ya ce mata ta haukace. Ranar Lahadi ɗaya a wata suke haɗuwa a ɗakin baban, ba sa tayar da zancen.

Sannan ta juyo da tambayar kaina. "Ke fa, in ke ce, za ki gwada?"

Na buɗe baki zan ce eh, don ni mai son sanin abu ce, sai na tuna ina da yara biyu, kuma duk amsar da aka ba ni an ba su rabinta. Na ce mata ban shirya amsa ba. Ta ce ba komai, ita ma shekara shida ta yi tana shiryawa.

Makon da ya wuce an ƙara wa babanta kaurin abinci, ruwa ma yanzu sai an kaɗa masa garin da ke sa shi kauri. Ranar Lahadi ta zo da kwastad ɗinta kamar kullum. Ina gyara gado ina kallon su ta gefen ido. Ta ɗebo, ta riƙe cokalin a iska tana jira, kansa na kaiwa da komowa. Shi kuma, na lura, ba cokalin yake kallo ba, hannunta yake kallo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya buɗe baki ya karɓa.